MAI TSARON ƘOFA A CIKIN ƘWAYAR HALITTA: YADDA JIKI KE BA DA IZININ ƘERA FUROTIN

Daga Wakilinmu

A cikin kowace daƙiƙa ta rayuwar baligi, ɓargon ƙashinsa ya kan fitar da sababbin jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan 2, don su maye gurbin waɗanda suka tsufa, gama jar ƙwayar jini kwana 120 kurum ta ke yi tana aiki. Kowace ɗaya daga cikinsu kuwa cike ta ke maƙil da wani sinadari mai suna hemogulobin, har wajen guda miliyan 270, watau shi ne ke ɗaukar iskar da muka shaƙa daga huhu ya kai ta sauran sassan jiki. Hemogulobin ɗin nan ɗaya ne kawai daga cikin dubban ire-iren furotin da jiki ke ƙerawa dare da rana. Gashin kai furotin ne, tsokar dantse furotin ce, haka kuma insulin da ke daidaita sukari a cikin jini, da dakarun da ke yaƙar cuta.

To, aiki mai yawa haka, wa ke cewa a fara, wa kuma ke cewa a dakata? Masana sun shafe fiye da shekara 60 suna bin diddigin wannan tambaya. Abin da suka gano shi ne, ƙwayar halitta ta girke masu gadi mafi tsanani a bakin ƙofa, watau a daidai lokacin da za a soma ƙirar. Kamar yadda masu karatu za su gani, labarin wannan ƙofa ya shafi ƙarancin jini da ke damun mata masu ciki da yara ƙanana, ya kuma shafi cutar shan inna da ɗigon rigakafinta.

KUNDI DA SAƘO DA MASAƘA

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wata cibiya, inda aka adana kundin gado da a ke kira DNA. A cikin wannan kundi aka rubuta tsarin kowane furotin. Shi kundin ba ya barin cibiya. Idan ana bukatar wani furotin, sai a kwafi shafin da ya shafe shi a kan wani siririn zare mai suna RNA ɗan saƙo, a tura shi waje. Cikin shekarar 1961 ne Sydney Brenner da François Jacob da Matthew Meselson suka tabbatar da samuwar wannan ɗan saƙo.

A waje kuwa akwai masaƙa da ke jiransa, sunanta raibosom, wadda George Palade ya bayyana siffarta a Amurka cikin 1955. Aikinta shi ne ta bi saƙon tana karantawa, tana jera wasu ƙananan tubala da a ke kira amino asid ɗaya bayan ɗaya, har su zama doguwar sarƙa. Tubalan nan iri 20 ne. Shi kuwa saƙon da haruffa 4 kacal aka rubuta shi, watau A da U da G da C, kuma uku-uku a ke karanta su, ko waɗanne uku suna nuna tubali guda.

A nan ne matsala ta farko ta taso. Saƙon ba shi da tazara tsakanin kalmomi, ba aya ba waƙafi. Alal misali, a ɗauki wannan jimla mai kalmomi masu harafi uku-uku: ABU KAI MAI GUN ISA. Idan aka haɗe haruffan, sa'an nan mai karatu ya tsallake harafin farko ya soma daga na biyu, abin da zai samu shi ne: BUK AIM AIG UNI SA, zancen da ba shi da kai ba shi da gindi. Haka al'amarin ya ke ga raibosom. In ta kuskure wurin farawa da harafi ɗaya tak, duk abin da ta saƙa ya zama asara. Saboda haka akwai kalmar farawa ta musamman, AUG, wadda ke nuna tubalin da a ke kira metiyonin. Sai dai kuma AUG ta kan bayyana a wurare da dama cikin saƙo ɗaya. Ta yaya masaƙa za ta gane wadda a ke nufi?

HULAR DA KE KAN SAƘO

Ƙwayoyin bakteriya suna da tasu dabara. Cikin 1974 John Shine da Lynn Dalgarno, a birnin Kanbera na ƙasar Ostareliya, suka nuna cewa akwai wata gajeriyar alama gab da kalmar farawa, wadda raibosom ke kamawa kai tsaye. Mataimaka 3 kurum bakteriya ke bukata don wannan aiki.

Na mutum da dabbobi da tsirrai ya fi haka sarƙaƙiya, don mataimakan sun haura 10. Wajen shekarar 1975 Yasuhiro Furuichi da Aaron Shatkin da Bernard Moss da wasu masana suka gano cewa a goshin kowane saƙo namu akwai wani ɗan sinadari da aka ɗora, suka kira shi hula. Cikin 1978 Nahum Sonenberg, yana aiki tare da Shatkin, ya gano furotin ɗin da ke kama wannan hula, wanda yanzu a ke kira eIF4E. A shekarar nan dai Marilyn Kozak ta kawo bayanin da har yau a ke koyarwa a jami'o'i: ƙaramin ɓangaren raibosom ya kan sauka a wajen hular, ya bi zaren sannu a hankali yana dubawa, har ya iske AUG ta farko wadda haruffan da ke kewaye da ita suka dace. A nan zai tsaya, babban ɓangaren ya zo ya haɗu da shi, saƙa ta kankama.

Mabuɗai biyu ne ke riƙe da wannan ƙofa. Na farko shi ne eIF4E mai kama hula, tare da wani dogon furotin, eIF4G, wanda ya ke tamkar gada tsakanin hular da raibosom. Na biyu shi ne eIF2, ɗan dakon da ke kawo tubalin farko, metiyonin. In babu ɗaya daga cikinsu, ko da saƙonni sun cika ƙwaya, ba abin da za a ƙera.

Dalilin tsananta tsaro a nan a fili ya ke. Ƙirar furotin tana cikin ayyukan da suka fi cin ƙarfin ƙwaya, kuma sarƙar da aka soma aka bari a tsakiya ba ta da amfani, ta kan ma zama illa. Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane. Bugu da ƙari, kafin a rufe shafin kundi a cibiya, a kuma jira tsofaffin saƙonni su ƙare, sai an ɗauki sa'o'i. Amma rufe ƙofar masaƙa aikin mintoci ne.

ABIN DA JININ ZOMO YA KOYAR

Babu inda aka fi ganin wannan hikima kamar a jar ƙwayar jini. Kafin ta gama nuna, ta kan yar da cibiyarta baki ɗaya, ta saura da saƙonni da masaƙu kawai. Ke nan ba ta da sauran iko a kan kundi; abin da ya rage mata shi ne ƙofa.

Hemogulobin guda ya ƙunshi sarƙoƙin furotin 4 da a ke kira gulobin, kowace tana rungume da wani jan sinadari mai suna hem, a tsakiyar hem kuwa akwai ƙwayar sinadarin ƙarfe. Tun cikin shekarun 1960 masu bincike suka lura da wani abu game da ƙananan ƙwayoyin jinin zomo. Idan aka fasa su aka zuba ruwansu a kwalba, sai su yi ta ƙera gulobin, amma in hem ya yi ƙaranci, cikin 'yan mintoci sai aikin ya tsaya cik, alhali kuwa saƙonni da masaƙu duk suna nan lafiya lau. Irving London a Amurka, da Tim Hunt da Richard Jackson a Kambirij ta Ingila, suna cikin waɗanda suka bi sawun abin, har aka warware shi a tsakiyar shekarun 1970.

Ashe akwai wani mai gadi da a ke kira HRI. Muddin hem ya wadata, ya kan manne masa ya sa shi barci. Da hem ya ragu, sai ya farka ya liƙa wa ɗan dakon nan eIF2 wani ɗan sinadarin fosfat. Shi kuwa eIF2, duk lokacin da ya sauke kaya sai ya koma wurin wani furotin mai suna eIF2B ya karɓi sabon guzuri, sa'an nan ya iya komawa aiki. Wanda aka liƙa wa fosfat, idan ya je, sai ya ƙanƙame mai ba da guzurin ya ƙi saki. Tun da masu ba da guzuri ba su kai 'yan dako yawa ba, ko kaɗan daga cikin 'yan dakon aka yi wa alama, ya isa a tsai da kowa.

Amfanin wannan shi ne kada a tara gulobin da ba shi da hem, domin irinsa ya kan dunƙule ya lalata ƙwayar. Cikin 2001 Jane-Jane Chen da abokan aikinta a Amurka suka samar da ɓeraye marasa HRI, suka rage musu ƙarfe a abinci. Sai gulobin ya taru ya daskare a cikin ƙwayoyin jininsu, ciwon ya fi na ɓerayen da ke da mai gadi tsanani. Saboda haka idan likita ya duba jinin mai ƙarancin ƙarfe ya ga ƙwayoyin sun yi ƙanana sun koɗe, aikin wannan mai gadi ya ke gani: ƙwayar ta rage ƙira daidai da abin da ke hannunta. Mai gadin ya kan rage ɓarna, amma ba zai samar da ƙarfen ba. Sai an ci abinci mai ƙarfe irin su hanta da nama da wake, ko an sha ƙwayoyin ƙarin jini da a ke ba mata a wurin awon ciki, ko an magance tsutsar ciki da ke zuƙe jinin.

Har ila yau, cikin 2018 masana a birnin Filadelfiya suka ba da rahoton cewa rage HRI a ƙwayoyin jinin mutum da aka rena a ɗakin gwaji ya kan ƙara yawan hemogulobin irin na jarirai, wanda an daɗe da sanin yana sassauta ciwon sikila. Ga ƙasa kamar Nijeriya, wadda ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da a ke haifa da sikila, wannan bincike abin sa ido ne.

Daga baya aka gane HRI yana da 'yan'uwa 3, duk aikinsu ɗaya: PKR ya kan farka idan bairus ya shigo, GCN2 idan tubalan amino asid suka yi ƙaranci, PERK kuma idan furotin da ba su naɗu daidai ba suka cunkushe. Wani abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da aka tsai da yawancin ƙira, akwai 'yan saƙonni kaɗan da karatunsu ke ƙaruwa, kamar na ATF4, wanda shi ke tayar da masu gyara.

RUMBUN ƘARFE

Wancan mabuɗi ƙofar gari duka ya ke rufewa. Akwai kuma makullin da ke rufe ɗaki guda. Ƙarfe abin bukata ne, amma in ya yi yawo sakaka a cikin ƙwaya guba ne. Don haka jiki ya ke da rumbu mai suna feritin, wanda guda ɗaya ke iya ɗaukar ƙwayoyin ƙarfe har 4,500. Cikin 1987 Matthias Hentze da Richard Klausner, da kuma ƙungiyar Hamish Munro, duk a Amurka, suka gano cewa kusa da hular saƙon feritin zaren ya lanƙwashe ya yi wani ɗan madauki. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci, wani furotin ya kan zauna a kan madaukin ya tare hanya, raibosom ta kasa sauka. Da ƙarfe ya samu sai ya tashi, a shiga gina rumbuna nan da nan.

Cikin 1995 likitoci a Italiya da Faransa suka bayyana wasu iyalai da suka gaji sauyin harafi a cikin wannan madauki. Mai tare hanya ba ya iya zama, sai feritin ya yi ta ƙaruwa ba bisa bukata ba, har ya taru a cikin ido ya haddasa yana tun da ƙuruciya. Dubi irin abin da harafi ɗaya ke jawowa.

SHAN INNA DA ƘOFAR GEFE

Shi bairus ba shi da masaƙa tasa; sai ya shiga ƙwayar wani ya ci da gumin mai gida. Bairus ɗin shan inna kuwa gwani ne a wannan fashi. An daɗe da lura cewa sa'o'i kaɗan bayan ya shiga ƙwaya, sai ta daina ƙera nata furotin, ta koma ƙera nasa kaɗai. Cikin 1982 aka gano dalili: bairus ɗin ya kan sa a datse gadar nan eIF4G gida biyu, duk saƙonnin mai gida masu hula su rasa hanyar isa ga raibosom.

To, shi nasa saƙon fa? Ba shi da hula ko kaɗan. Cikin 1988 Jerry Pelletier da Sonenberg, a Jami'ar McGill da ke Kanada, suka nuna cewa goshin saƙon shan inna, mai haruffa kimanin 740, ya naɗe kansa ya yi wata siffa da ke janyo raibosom ta sauka a tsakiyar zare. A shekarar nan ƙungiyar Eckard Wimmer ta sami irin wannan a wani bairus ɗan'uwansa. Watau ɓarawo ya toshe babbar ƙofa, ya bar ta gefe wadda shi ke da mabuɗinta.

A nan ne labarin ya iso gidajenmu. Ɗigon rigakafin da Albert Sabin ya samar, wanda aka soma amfani da shi sosai a farkon shekarun 1960, bairus ne mai rai da aka raunana. Shi Sabin ya yi aikinsa ne tun kafin a iya karanta haruffan bairus. Da aka karanta daga baya, sai aka tarar dukan nau'o'i 3 na ɗigon suna da sauyin harafi a cikin ƙofar gefen nan, kuma wannan sauyi yana cikin manyan dalilan rauninsu. Bairus ɗin ya kan iya hayayyafa a hanji har jiki ya koyi yaƙarsa, amma ƙarfinsa na kama laka ya ragu ƙwarai.

Da wannan ɗigo aka ci ƙarfin cutar. Cikin 2016 aka ga yara na ƙarshe da bairus na asali ya shanye a Nijeriya, a Jihar Borno, kuma ran 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa yankin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya rabu da shi. Sai dai akwai sauran rina a kaba. A wuraren da yara da yawa ba su sami rigakafi ba, raunannen bairus ya kan sami damar yawo daga yaro zuwa yaro na tsawon watanni, har harafin nan ya koma yadda ya ke a da, ƙarfinsa ya dawo. Sanin wurin da matsalar ta ke shi ya ba masana damar gyara: suka sake tsara wancan ɓangare na ƙofar gefe ta yadda sauyin harafi guda ba zai mai da shi ba. Sabon ɗigon, mai suna nOPV2, an soma ba da shi cikin watan Maris 2021, kuma Nijeriya tana sahun farko. Darasin dai shi ne, inda kowane yaro ya sami rigakafi, bairus ba ya samun wurin yawo balle ya sauya.

DAGA WANI TSIBIRI MAI NISA

Shi ma mabuɗin hula yana da nasa mai gadi. Cikin 1964 wani ayarin masana daga Kanada ya ɗebo ƙasa daga tsibirin Rapa Nui da ke can cikin tekun Fasifik. Daga wata bakteriya da ke cikin ƙasar aka tace magani, aka sa masa suna rapamaisin. Cikin 1991 Michael Hall da abokan aikinsa a birnin Basel na Suwizalan suka gano furotin ɗin da maganin ke kamawa, suka kira shi TOR. Shi ne ma'aunin wadata a cikin ƙwaya. Akwai wani ƙaramin furotin, 4E-BP, da aka bayyana cikin 1994, wanda ke riƙe eIF4E ya hana shi haɗuwa da gada. Idan abinci ya samu, insulin ya zo da albishir, sai TOR ya sa a saki eIF4E, ƙira ta bunƙasa, ƙwaya ta girma. In yunwa ce, sai a ci gaba da riƙo.

Ƙwayar ciwon daji ita ce wadda ba ta jin a dakata. Tun 1990 ɗakin binciken Sonenberg ya nuna cewa yawaita eIF4E kaɗai ya isa ya karkata ƙwayoyin ɓera zuwa halin ciwon daji. Cikin 1999 Amurka ta amince da rapamaisin don hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa, daga bisani kuma aka shiga amfani da danginsa a kan wasu ire-iren ciwon daji na ƙoda da na nono.

Idan kuma ƙofar ta cika tauri, nan ma wata cutar ce. Cikin 2001 Marjo van der Knaap da ƙungiyarta a Amsterdam ta ƙasar Holan suka gano cewa wata cutar gado da ke narkar da farin sashen ƙwaƙwalwar yara ta samo asali ne daga lahani a eIF2B, mai ba da guzurin nan. Irin waɗannan yara, zazzaɓi ko ɗan bugu a ka ya kan sa jikinsu ya rikice farat ɗaya, domin ƙofar da aka rufe saboda wahala ba ta buɗuwa da sauƙi.

Daɗin daɗawa, alluran rigakafin korona na kamfanonin Pfizer da Moderna, waɗanda aka soma yi a ƙarshen 2020, RNA ɗan saƙo ne aka ƙera a masana'anta, kuma sai da aka ɗora masa hula kafin ƙwayoyin jiki su yarda su karanta shi. Da ba don binciken 1975 ba, da ba a san da wannan sharaɗi ba.

Waɗanda suka zauna suna fasa ƙwayoyin jinin zomo shekara 50 da suka wuce, ba magani suka fita nema ba. So su ke su fahimci abin da ya sa aiki ke tsayawa a cikin kwalba. Ga shi yau amsar da suka samu ta isa ɗakin awon ciki, ta isa ɗakin dashen ƙoda, ta kuma shiga cikin ɗigo biyun da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna sa wa yara a baki. Ya rage ga iyaye su buɗe musu ƙofa, ya kuma rage ga hukumomi da jami'o'inmu su riƙa ba irin wannan bincike muhimmancin da ya cancanta, ko da amfaninsa bai bayyana a ranar da aka soma shi ba.